Inda Ɗaki Ke Yoyo: Akwatin Intanet da Haƙƙin Mai Ciwon da Ba a Gani

A ƙasar Faransa, kamfanin Orange ya tsara rufe tsohon layin tarho na jan ƙarfe baki ɗaya kafin ƙarshen shekarar 2030, ana bin garuruwa ɗaya bayan ɗaya ana maye gurbinsa da zaren gilashi. Ga akasarin magidanta wannan ba abin tsayawa tunani ba ne. Ma'aikaci zai zo, ya huda bango, ya ja zare, ya ajiye wani ɗan akwati kusa da talabijin, fitilunsa su kama, ya yi sallama. Amma akwai gidajen da zuwan akwatin nan ke zama mafarin ja-in-ja.

A ƙaddara wani gida a gefen birnin Liyon. Maigidan malamin lakkol ne da ke shirya darussansa da dare. Akwai ɗa mai shekara 16 wanda rabin aikin makarantarsa ta intanet ake ba shi. Sai uwargida, wadda ta shekara uku tana fama da ciwon kai, rashin barci da raɗaɗi a fatar fuska, kuma ta haƙiƙance cewa igiyoyin rediyon da Wi-Fi ke watsawa cikin ɗaki su ne sanadi. Roƙonta ɗaya ne, kada a kunna shi. Maigidan ya karanta abin da masana suka rubuta, bai gamsu da bayaninta ba, amma kuma kowace safiya yana ganin idanun da ba su runtsa ba. Ma'aikacin kamfani yana tsaye da kebul a hannu yana jiran a ce masa inda za a kafa akwatin. Tambayar da yake yi ta fasaha ce, amma wadda ke ƙarƙashinta ta ɗabi'a ce: wane haƙƙi mutum ke da shi a kan mutanensa idan wahalarsa gaskiya ce, dalilin da yake bayarwa kuwa bai tabbata ba?

Wannan larura, da a Faransanci ake kira électrohypersensibilité, ba jiya aka fara jin ta ba. Koke-koken farko sun fito ne daga Norwe da Suwidin wajen farkon shekarun 1980, a bakin ma'aikatan ofis da ke wuni gaban allon kwamfuta suna kukan ƙaiƙayi da jan fuska. Da salula ta yaɗu sai kuka ya koma kanta, daga baya ya koma kan dogayen eriyoyinta, sannan kan Wi-Fi. Kuma masu kukan ba jahilai ba ne. Gro Harlem Brundtland, likita ce, tsohuwar shugabar gwamnatin Norwe, tana riƙe da shugabancin Hukumar Lafiya ta Duniya lokacin da ta shaida wa wata jarida a 2002 cewa salula na sa mata ciwon kai. A 2018 hukumar Anses ta Faransa, mai kula da lafiyar abinci, muhalli da wuraren aiki, ta ƙiyasta cewa masu danganta ciwonsu da waɗannan igiyoyi sun kai kusan kashi 5 cikin 100 na jama'a. Adadin ya wuce a kawar da kai.

To, me gwaji ya nuna? Hanyar da masu bincike suka bi mai sauƙin fahimta ce. A zaunar da mai kukan a ɗaki tare da na'ura, wani lokaci tana watsa igiyoyin, wani lokaci a kashe take, kuma daga shi har mai lura da shi ba wanda ya san lokacin da take aiki. Sai a tambaye shi abin da ya ji. A 2005 James Rubin da abokan aikinsa na jami'ar King's College da ke Landan suka tattara gwaje-gwaje 31 irin wannan, waɗanda mutum 725 suka shiga. A 2010 suka sabunta lissafi, ya kai gwaji 46 da mutum 1175. Sakamakon bai sauya ba. Masu larurar ba su iya bambance kunne da kashe fiye da yadda mai cinke zai yi, kuma ciwon yana taso musu idan sun zaci na'urar na aiki, ko da a kashe take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsayinta a watan Disamba na 2005, kuma ya ƙunshi magana biyu a haɗe: alamomin ciwon na haƙiƙa ne, suna iya nakasa rayuwar mutum, amma babu hujjar kimiyya da ta ɗaure su da igiyoyin lantarki. Hukumar Anses ma a nan ta tsaya bayan shekara 13.

Mutane da yawa suna jin waɗannan maganganu biyu kamar suna karo da juna, alhali ba sa yi. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gaskiya ne, ba wanda zai yi masa gardama a kan inda tabarmarsa ta jiƙe. Sai dai duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro da damina ya san ruwa ba ya ɗiga daidai inda ya shiga. Yakan shiga ta wata tsaga kusa da indararo, ya bi azara, ya je ya sauko tsakiyar ɗaki. Mai ɗaki ya san inda ke ɗiga. Inda rufin ya tsage kuwa sai magini ya hau sama ya duba. Jiki magayi ne, amma abin da yake faɗa shi ne akwai ciwo, da wurinsa, da tsananinsa. Sanadi ba jiki ke faɗarsa ba, hankali ne ke ƙulla shi daga abubuwan da suka zo a jere: an kunna akwati ranar Litinin, kai ya yi ciwo ranar Talata. Hankalin kowa haka yake aiki, na likita da na manomi, kuma a irin wannan ƙulli ne ya fi saurin kuskure.

Akwai wani gwaji na 2013 da ya cancanci malamai su san shi. Michael Witthöft da Rubin sun tara mutum 147 daga cikin jama'a, aka nuna wa rabinsu wani shirin talabijin mai tsoratarwa game da Wi-Fi, sauran kuma aka nuna musu shirin da bai taɓo lafiya ba. Daga nan aka ɗaura wa kowa eriya a ka na minti 15, aka ce ana watsa masa Wi-Fi, alhali ba a watsa komai. Kashi 54 cikin 100 suka ce sun ji alamun ciwo, biyu ma suka tashi kafin lokaci ya cika, kuma abin ya fi tsananta ga masu saurin fargaba da suka kalli shirin farko. An saba cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. A nan kunne ne ya ji, jiki ya kamu. Likitoci suna kiran wannan nosebo, wato cutar da tsammanin cuta ke haifarwa, kuma ciwon kan da ya biyo ta wannan hanya ciwon kai ne cikakke, ba riya ba.

Saboda haka hanyoyi biyu masu sauƙi sun toshe wa maigidan Liyon. Ba zai ce mata ƙarya take ko raki ne ba, domin masanan da ya dogara da su ma ba su faɗi haka ba. Ba zai kuma ce mata ya yarda akwatin ne ke cutar da ita ba, domin bai yarda ba, kuma hujja ba ta goyi bayan hakan ba. Ya rage masa ya raba abubuwa biyu da aka saba cuɗanyawa, wato kyautatawa da gaskatawa. Kyautatawa aiki ne na hannu, ana iya yin ta ko da zuciya na shakka. Gaskatawa kuwa shaida ce, mutum ba ya bayar da ita don tausayi. Uwargida na da haƙƙin ta farko. Ta biyu ba ta cikin abin da take bin sa, ko da tana ganin ita ce ta fi buƙata.

Abin sha'awa shi ne, a wannan lamari kyautatawar ba ta da tsada, kuma yana da kyau a tsaya a kan kayan aikin dalla-dalla, domin yawancin rigimar gidaje daga rashin sanin su take tasowa. Zaren gilashin da ke shigowa gida haske yake ɗauke da shi, ba ya watsa igiyar rediyo ko kaɗan. Wanda ke tsoron igiyoyi ba shi da dalilin ƙin sa, hasali ma shi ne mafi dacewa da shi cikin duk hanyoyin shigo da intanet. Abin da ke watsawa shi ne Wi-Fi ɗin da ke cikin akwatin, wanda kamfanoni ke kawowa a kunne, kuma yana shelar kansa kusan sau 10 cikin kowace daƙiƙa ko ba mai amfani da shi. Amma ana kashe shi, ko ta maɓalli a jikin akwatin ko ta shafin saiti, illa dai a tuna akwatunan yanzu suna watsawa a zango biyu ko uku, kowane sai an kashe shi. In an kashe, intanet bai tafi ko'ina ba. Kebul ɗin Ethernet yana kai shi har nisan mita 100 ba tare da ya raunana ba, ya fi Wi-Fi tsayuwa, ya fi shi wuyar kutse. Kwamfutar maigida, akwatin talabijin, har da allon hannu in an sa masa ɗan mahaɗi, duk suna iya bin kebul. Kuɗin da za a kashe bai kai na takalmin yaro ba, sai wahalar yini guda ta bin bango da ƙusa.

Akwai kuma tarkuna. Wasu suna sayen ƙananan na'urorin da ke tura intanet ta cikin wayoyin lantarkin gida, suna murna sun rabu da igiyoyi, alhali wayoyin bango ba su da rufin kariya, suna ɗan zubar da igiyoyin cikin ɗakuna, kuma da dama daga cikin na'urorin suna da nasu Wi-Fi a ciki. Tarhon gida marar waya ma gindinsa na watsawa dare da rana ko ba a kira, sai in an sa shi a tsarin tsimi, don haka tsohon tarho mai igiya ya fi. Akwatin da ke kamo intanet daga eriyar salula kuwa, wato na 4G ko 5G, ana iya kashe Wi-Fi ɗinsa amma ba a iya hana shi magana da eriyar, tunda wannan ne aikinsa. A nan ne zaɓin mutumin Liyon ya fi na mutumin Maraɗi ko Tawa faɗi, domin a Nijar akasarin intanet ta salula da irin waɗannan akwatuna yake shiga gidaje. Wanda ke da irin wannan akwati, abin da ya rage masa shi ne nisa, kuma nisa na da ƙarfi: in aka ninka tazara sau biyu, ƙarfin igiyar ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in aka ninka sau 10, ya koma ɗaya cikin 100. Doka a Turai ta ƙayyade Wi-Fi na zangon da aka fi amfani da shi a kan kashi ɗaya cikin 10 na wat, yayin da salula ta tsohon tsarin GSM kan kai wat 2 a ƙololuwarta, kuma a manne da kunne. Akwatin da ke ƙarshen zaure ƙaramin alhaki ne a kan wayar da ke cikin aljihu.

Tunda abin da sauƙi haka, neman hujja kafin a ja kebul ƙeta ce kawai. A kowane gida akwai abubuwan da ake bari saboda wani ba tare da an nemi takardar likita ba: turaren da ke hawa kan tsohuwa, rediyon da ake ragewa don mai jinya, fitilar da ake kashewa don wani ba ya barci da haske. Zaman tare ya ginu ne a kan irin wannan rangwame. Hukumomi ma sun gano wannan rabewa. A Suwidin ana ɗaukar larurar a matsayin tawaya da ke hana mutum gudanar da rayuwa, ana iya tallafa masa a kan haka, ba tare da likitocin ƙasar sun amince cewa cuta ce da lantarki ke jawowa ba. A 2015 wata kotun birnin Tulus mai duba shari'ar nakasa ta yanke a riƙa biyan wata mata kimanin Yuro 800 a wata, wato sama da jika 500 na sefa, har shekara uku. Jaridu da dama sun ba da labarin kamar kotu ta tabbatar da cutarwar igiyoyi. Abin da ta duba shi ne ko matar na iya aiki, ta ga ba ta iyawa. Alƙali ya auna nakasa, bai auna eriya ba.

Da maganar ta tsaya nan da ta yi daɗi. Amma akwai suka mai nauyi da ba a iya tsallakewa, kuma likitocin da suka fi kusa da waɗannan marasa lafiya su ne ke yin ta. Suna cewa kowace na'ura da aka cire shaida ce ta shiru. Baki bai ce an yarda ba, amma hannu ya faɗa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, kuma duk lokacin da ya gudu ya tsira, sai ya ƙara tabbata cewa tsumman maciji ne. Uwargida za ta ji sauƙi mako biyu bayan an kashe Wi-Fi, domin fargabarta ta kwanta. Sannan ciwon kan ya dawo, tunda asalinsa na nan, sai ta nemi sabon mai laifi: akwatin maƙwabci, mitar lantarki ta Linky da aka fara kafawa a gidajen Faransa a ƙarshen 2015, jirgin ƙasa, kasuwa, daga ƙarshe har asibiti. Da'irar rayuwa ta yi ta tsukewa. Matar da kotun Tulus ta tallafa wa, a cikin duwatsun Ariyej take zaune lokacin, nesa da mutane, ba lantarki. A Amurka wasu sun bar aiki da dangi sun ƙaura Green Bank ta jihar West Virginia, cikin yankin da aka taƙaita watsa igiyoyin rediyo tun 1958 saboda na'urorin hangen taurari. Ba wanda zai kalli wannan ya ce waraka ce.

Kuma inda tsoro ya yi kasuwa, ƴan kasuwa ba sa makara. Akwai fentin bango, gidan sauro na zaren azurfa, huluna, da na'urorin awo masu ƙara waɗanda ke mai da kowane lungu abin zargi. A 2020 an riƙa sayar da wani ɗan makulli a Ingila kan fam 339 da sunan garkuwar 5G, da masana suka buɗe shi sai suka tarar ƙaramin ma'ajin kwamfuta ne na yau da kullum da aka liƙa wa takarda. A watan Disamba na 2021 hukumar kula da tsaron nukiliya ta Holan ta gargaɗi jama'a game da kayayyaki 10, har da sarƙoƙin wuya da ake tallata su a matsayin maganin 5G, domin su kansu suna fitar da tururin nukiliya mai iya cutarwa in an daɗe ana sanye da su. An gudu daga abin da ba a tabbatar yana cutarwa ba an rataya wanda aka tabbatar. Ko fentin da ke aiki da gaske yana da nasa juyin: salula in ta ji eriya ta yi mata nisa sai ta ƙara ƙarfin watsawarta, saboda haka ɗakin da aka lulluɓe yana sa wayar cikinsa ta ƙara ɗaga murya.

Sukar nan gaskiya ce, amma ba ta rushe kyautatawa ba, iyaka ta shata mata. Ma'aunin shi ne a duba ina kowane zaɓi ke kai mai ciwon. Kebul a bango yana barin ta cikin gidanta, tsakanin mijinta da ɗanta, tana iya aiki da kwamfuta, tana iya magana da ƴan uwa. Wannan rangwame ne da ke riƙe mutum cikin jama'a. Fenti, na'urar awo da ƙaura suna fitar da ita ne mataki mataki, kuma kowane mataki na cin dukiyar gida. Maigidan zai iya yin na farko da zuciya ɗaya, ya ƙi na biyu da zuciya ɗaya. Sharaɗin shi ne bakinsa ya raka hannunsa, ya ce mata a fili: na kashe ne don hankalinki ya kwanta, ba don na yarda shi ne sanadi ba, kuma ina so mu ci gaba da neman sanadin. Maganar ba za ta yi mata daɗi ba. Amma ita ce ke hana shaidar shirun nan tabbata.

Neman sanadin ba ado ba ne. Ciwon kai, gajiya da rashin barci ƙofa ce da cututtuka da yawa ke shigowa ta cikinta: ƙarancin jini, hawan jini, ciwon ɓarin kai, ɗaukewar numfashi cikin barci, matsananciyar damuwa. Yawancinsu ana maganinsu. Babbar illar bayanin da bai tabbata ba ita ce yana rufe bincike, domin wanda ya riga ya san mai laifi ba ya ci gaba da nema. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci likitoci su mai da hankali kan alamomin da mutum ke fama da su, su bincika jikinsa da yanayin gidansa da aikinsa, maimakon tsayawa kan rage igiyoyi. In kuma ana son awo, a Faransa tun watan Janairu na 2014 kowa na iya neman hukumar ANFR ta sa a zo a auna gidansa kyauta, kuma abin da ake samu kusan kullum yana can ƙasa da iyakar doka. Awon ƙwararre na yini ɗaya ya fi na'urar da za a riƙa yawo da ita cikin dare.

Saura jarrabawa mafi wuya, wadda ba a cika faɗa ba amma kusan kowane miji ko ɗa a irin wannan gida ya taɓa raya ta. Akwatin yana ba da damar ɓoye sunan Wi-Fi, a kuma kashe fitilarsa. Maigida zai iya barin sa a kunne ya ce a kashe yake. Bisa ga duk abin da gwaji ya nuna, za ta yi barcinta ba ta ji komai ba. Yaro ya samu intanet, gida ya zauna lafiya, ba wanda ya cutu. Mai auna aiki da sakamakonsa kaɗai zai yi wuya ya ga aibu a nan, har ma ya ce ƙaryar ta fi gaskiya jinƙai.

Aibun yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Na farko, ya mai da matarsa abin gwaji ba da saninta ba, ya yanke hukunci shi kaɗai cewa ita ba mai hankalin da za a yi wa bayani ba ce, yarinya ce da ake lallaɓawa. Wannan raini ne, ko da an naɗe shi da ƙauna. Na biyu, ilimin da gwajin ya samar a wurinsa ya tsaya. Ita ce ke buƙatar sanin cewa ta yi wata uku tana barci da Wi-Fi a kunne, amma ba zai iya gaya mata ba sai ya tona kansa. Ƙaryar ta kulle ƙofar da gaskiya za ta bi ta warkar. Na uku, asiri irin wannan ba ya daɗewa, baƙo ɗaya da salularsa ta kama layin ya isa. Ranar da ta gane, ba za ta ce ashe igiyoyin ba sa cutar da ni ba. Za ta tuna kowane ciwon kai na watannin nan ta ce ga dalili, sannan ta rasa wuri ɗaya tak da take ganin amintacce a duniya, da mutum ɗaya da take ganin ba ya yi mata dariya.

Abin da ya sa ƙaryar ta fi zama asara shi ne akwai hanyar yin gwajin nan da yarda. A 2017 masu bincike a Holan suka wallafa wani aiki da suka yi da mutum 42 masu wannan kuka. Sun je har inda mutanen suka zaɓa, galibi gidajensu, suka bar kowa ya faɗi irin igiyar da yake ji da ƙarfinta, aka fara gwadawa a fili har ya tabbatar yana ji, sannan aka maimaita a rufe sau da yawa. Ba ko ɗaya da ya iya bambancewa fiye da cinke, kuma nan take aka nuna wa kowa sakamakonsa. Bayan watanni, ba su daina kiran kansu masu larurar ba, amma tabbacinsu na cewa suna jin igiyar nan take ya ragu, kuma alamun ciwon da suke kuka da su sun ragu. Ribar kaɗan ce, amma tasu ce, domin da idonsu suka gani. Iyali ma na iya yin kwatankwacin haka in mai ciwon ta yarda: wani amintacce ya jefa kwabo kowane dare, ya kunna ko ya kashe, ya rubuta a ɓoye, ita ma ta rubuta yadda ta kwana, bayan wata guda a haɗa takardu. In ta ƙi, ba a tilasta ta. Tsoron amsa ma wani ɓangare ne na ciwon.

Haƙƙinta kuma yana da bango. A gidajen bene na biranen Faransa, salula kan nuna layukan maƙwabta goma ko ashirin a ɗaki ɗaya. Tana iya ƙwanƙwasa ƙofa ta roƙi maƙwabci ya matsar da akwatinsa daga bangon ɗakin kwananta ko ya kashe da dare, kuma maƙwabcin kirki zai yi, tunda bai rasa komai ba. Amma roƙo ne, ba umarni ba, domin ba a ɗora wa mutum wajibi a kan cutarwar da ba a nuna ba. Ko dokar Abeille ta watan Fabrairu na 2015, wadda ta hana Wi-Fi a ɗakunan renon yara ƴan ƙasa da shekara uku, ta kuma ce a kashe shi a azuzuwan firamare in ba a darasi da shi, an yi ta ne da sunan taka tsantsan, kuma ba ta shiga gidajen mutane ba.

Yaron gida shi ne ya fi wuyar sha'ani, domin shi ba maƙwabci ba ne da za a roƙa a wuce, kuma ba miji ba ne da ya ɗauki alkawari. An ja masa kebul har teburinsa, karatu ya samu. Amma salularsa, da ta rasa Wi-Fi, sai ta koma neman eriyar unguwa ta cikin bangaye, kuma sau da yawa wannan ya fi buƙatar ƙarfin watsawa. Ko a bisa lissafin uwar, hanin da ta yi na iya ƙara abin da take gudu. Maigida ya gaya mata haka, ta saurara ba ta amsa ba. Da ma'aikacin ya sake tambaya, sai aka nuna masa kabad ɗin bakin ƙofa, can nesa da ɗakin kwana. Aka ja kebul uku. Aka saita Wi-Fi ya riƙa kunna kansa daga ƙarfe shida zuwa tara na yamma, da saninta, ita kuma ta karɓi ranar ganin likitan barci a wata mai kamawa. Takardar jefa kwabo tana cikin aljihun tebur, ba ta ce a fara ba tukuna.